Gwajin ruwan famfon garinmu, inda aka kwana

12 Afrilu 2025

Toh kayan gwaji sun iso daga Kano, dan haka daga yau zan riƙa rubuta abun da muke yi saboda waɗanda suka sa kuɗinsu su san inda aka kwana. Ga wanda bai san zancen ba, mu 'yan kwamitin ruwa ne na ƙungiyar matasan unguwa, a cikinmu akwai malamin kimiyya na sakandare, akwai nas, akwai mai gyaran famfo, sauran mu kam 'yan ɗaukar kwalba ne da rubutu. Tambayarmu ɗaya ce, ruwan da famfo ke kawo mana yana shayuwa ko a'a. Garin namu ba wani babba bane, matatar ruwa ɗaya a bakin dam, babban tanki ɗaya a kan tudu, ruwa kuma ba kullum yake zuwa ba, ya danganta da wuta da dizal.

Abun da muka saya: ƙwayoyin DPD na gwada kulorin (maganin da ake sa wa ruwa ya kashe ƙwayoyin cuta) tare da 'yar robar da ake kwatanta kala, dogon bututun auna dagulewar ruwa, ƙananan kwalabe masu yin baƙi in akwai alamar bayan gida a ruwa, sai 'yan takardun gwada naitiret (sinadarin da taki da masai ke sakarwa a ruwa) da pH (tsamin ruwa). Ma'aunin da zamu bi kuma ba namu bane. Najeriya tana da nata na ruwan sha, NIS 554, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ga kuma na Hukumar Lafiya ta Duniya. Malam ya rubuta mana manyan a bangon shagon da muke taruwa: ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, kada a samu ko ɗaya a mililita 100, dagulewa kada ta wuce 5 a ma'auninta na NTU, naitiret 50, fuloraid 1.5, dalma 0.01, waɗannan ukun duk miligiram a lita.

19 Afrilu

An kawo ruwa da asuba muka rarrabu. Gwajin kulorin ba wuya, ka cika robar ka jefa ƙwaya ɗaya ka girgiza, in akwai kulorin ruwan zai koma ruwan hoda, in babu zai tsaya fari yana kallonka. Abun da ake so shine a bakin famfon gidanka a samu aƙalla miligiram 0.2 a lita, domin wannan ɗan ragowar shine ke gadin ruwan a hanya, duk ƙwayar da ta shigo bayan an baro matata shi zai kashe ta.

A famfunan da ke gindin babban tanki kala ta fito sosai, har ƙamshin maganin kana ji. Tsakiyar gari wajen kasuwa ta dushe amma tana nan. Da muka gangaro unguwarmu da sabbin unguwannin bayan tasha, babu komai, fari tas. Mun sake da wata ƙwayar ko ta farko ce ta lalace, haka dai.

Ni dai abun da na ɗauka a yau shine waɗanda ke cewa ai ba a sa magani ko kaɗan ɗanyen ruwan dam ake turo mana basu faɗi daidai ba. Ana sawa. Yana ƙarewa ne kafin ya iso wajenmu, kuma dalilin ƙarewar shine aikin da ke gabanmu.

3 Mayu

Gajeren bayani yau saboda gardamar da ta tashi a majalisa. Wani ya zo da 'yar na'urar nan kaman biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba, ya tsoma a ruwan leda ta nuna ƙaramar lamba, ya tsoma a na famfo ta nuna babba, shikenan aka hau salati wai guba muke sha. Jama'a wannan abar gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa kawai take aunawa, ƙa'idar Najeriya ta yarda har miligiram 500 a lita, namu bai kai can ba. Bata ganin ƙwayar cuta sam. Zaka iya ɗebo ruwan da kwalara ke ciki ta baka lamba mai kyau.

Haka kuma farin ruwan nan kaman madara da ke fitowa in an kawo ruwa da ƙarfi, mutane na cewa magani ne ya yi yawa har wasu na zubarwa. Iska ce. Zuba a kofin gilas ka ajiye, zaka ga yana washewa daga ƙasa zuwa sama cikin ɗan lokaci.

17 Mayu

Yau ne muka fi ƙaruwa tun da aka fara. Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi aiki a matatar ruwa har ya yi ritaya, mun daɗe muna son ya zauna damu, yau ya yarda amma yace ba zama zamu yi ba tashi zamu yi mu bi layin famfo da ƙafa.

Na ce Baba mu fa abun da ya ɗaure mana kai shine ina maganin yake tafiya. Yace yaro, kai kana tunanin bututu in an ɗauke ruwa zama yake yi haka nan? Sai ya yi mana bayani a tsaye bakin kwata. Lokacin da ruwa ke ciki da ƙarfi, duk inda bututu ya tsage waje ruwa ke fita, asara ce amma datti baya shiga. Da zarar an kashe inji ruwan ya gangara ƙasa, cikin bututun sai ya zama yana zuƙa, to duk abun da ke kewaye da tsagar shi zai ja ciki, in ƙasa ce ƙasa, in ruwan kwata ne ruwan kwata. Ya kwana a ciki cikin zafin nan. Ranar da aka sake kawo ruwa shi za a fara turo maka, kuma ɗan kulorin ɗin da ya taho wajen faɗa da wannan dattin yake ƙarewa. Ga zafi shima yana cin kulorin, ga tsatsar tsofaffin bututun ƙarfe, ga nisa.

Daga nan muka fara lura da abun da kullum muke tsallakewa bamu gani. Wallahi a layi ɗaya kawai ƙananan bututun roba da mutane suka ja zuwa gidajensu kusan duk ta cikin kwata suka bi, saboda nan ne ba sai an fasa siminti ba, wasu an ɗaure tsagar da robar tayar keke, wani wajen leda aka naɗa aka ɗaure da zare, wani ma a buɗe yake an toshe da tsinke, kuma ruwan wanka da na wanke-wanke da abun da ba sai na faɗa ba duk a kansu yake bi. Mai gyaran famfonmu shiru ya yi domin ya san aikin 'yan sana'arsu ne, daga baya yace ai mai gida ne ke cewa a yi mai araha.

Sai na biyu, injin jan ruwa. Masu hali da yawa sun haɗa inji kai tsaye da layin gwamnati, ana kawo ruwa su kunna ya zuƙe zuwa tankinsu na sama. Baba yace wannan ya fi komai ɓata masa rai, domin bayan hana maƙwabta ruwa, injin yana ƙara zuƙar nan ko a lokacin da ruwa ke gudu, wato mai injin da kansa yake jawo kwata cikin layin kowa har da nasa. Yadda ya kamata shine ruwa ya zuba da kansa a tankin ƙasa, inji ya ɗauka daga nan. Ban ga laifin mai son tara ruwa ba tunda ba wanda ya san ranar dawowarsa, amma wannan hanyar cutarwa ce.

14 Yuni

Hidimar Babbar Sallah ta ɗan tsayar damu. Mun koma da kwalaben nan masu yin baƙi. Yadda suke, ka cika da ruwa ka rufe ka ajiye a ɗaki kwana ɗaya zuwa biyu, in ya koma baƙi akwai ƙwayoyin da ke fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mafi yawa daga bayan gidan mutum ko na dabba suke. A Indiya aka ƙirƙiro gwajin a 1982 saboda wuraren da babu ɗakin gwaji. Malam ya ja mana kunne cewa ba hukunci bane, akwai ƙwayoyin cikin ƙasa da ke sa shi baƙi ba tare da bayan gida ba, dan haka baƙi na nufin a bincika, kar a je ana shela.

A kowane gida wuri uku muka ɗiba, bakin famfo, tanki ko duro, sai randa ko kular da ake sha. Nas ɗinmu ita ta shiga cikin gidaje tunda mu maza iyakarmu zaure.

Na gindin babban tanki basu canza ba. Na unguwarmu, ruwan farko da ya fara zubowa ya yi baƙi tun kafin kwana ɗaya ya cika, wanda aka ɗiba bayan an bar famfo ya daɗe yana zuba wasu sun yi wasu basu yi ba. Wannan ya yi daidai da maganar Baba. Amma abun da ya fi bamu mamaki randa ce. Har a gidajen da famfonsu ya fito lafiya, na randa ya yi baƙi. Ruwa garai-garai mai sanyi, ka gani ka ce Zamzam, ashe moɗa ce matsalar, yaro ya dawo daga wasa ya ɗauke ta a ƙasa ya zura hannu har gwiwar hannu, kowa haka, kuma ba a cika juye randa a wanke ba sai dai a ƙara sabo a kan tsoho.

Wata Hajiya ta ce wa nas ɗin, 'yar nan mu da wannan randar aka raine mu gashi mun tsufa. Ta ce mata Hajiya gaskiya ne, amma jikokin da ake kawo mana asibiti da gudawa fa 'yan ƙasa da shekara biyar ne, jikinsu bai kai naki ba. Ba a rabu da faɗa ba, har ta yarda a rataye moɗa mai dogon hannu a ƙusa a kuma ware kofin sha daban. Ba wanda yace a fasa randa, dan Allah kar a juya maganar.

Tankunan sama kuwa, akwai wanda mai gidan ya rantse tun da aka ɗora ba a taɓa buɗewa ba. An buɗe. Ba zan faɗi abun da aka tarar ba, murfin dai ya daɗe da tashi.

28 Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya, yau famfo ya zo ja. A bututun auna dagulewa alamar da ke ƙasa ta ɓace tun bamu zuba da yawa ba, wato ya wuce 5 nesa. Matsalar dagulewa ba muni a ido kawai bane, ƙwayoyin cuta na laɓewa jikin laka kulorin ya kasa kaiwa gare su, shi yasa a matata sai an sa alimun laka ta kwanta an tace kafin a sa kulorin. Da damina dam na dagulewa, aikin na ninkuwa.

Malam ya bamu labarin wani ƙaramin gari a Kanada, Walkerton a jihar Ontario, mutanensa basu kai 5,000 ba. A watan Mayun 2000 aka yi ruwa mai yawa ya wanko kashin shanu daga gona zuwa ɗaya daga rijiyoyin da ke ba garin ruwa, masu kula da ruwan kuma ashe sun daɗe basa auna kulorin yadda ya kamata, lamba kawai suke cikawa a littafi. Mutum 7 suka mutu, kusan 2,300 suka kwanta. Ƙasar da ke da kuɗi da wuta ba ɗaukewa kenan. Abun da ya tsaya min a rai shine gwajin da aka ƙi yi a can irin wanda muke yi da 'yar roba da ƙwaya ne.

Mu kuma nan bamu manta 2021 ba, shekarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohinmu na arewa irin su Bauchi da Jigawa da Kano suka fi jin jiki. Da damina abun yake tashi.

Dan haka mun roƙi liman ya sanar, kuma ya sanar: ruwan farko a tara don wanki da ban-daki, kar a sha. Na sha a bari ya kwanta a tace da tsaftataccen ƙyalle sannan a tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin ruwa irin WaterGuard ko Aquatabs yadda aka rubuta a jiki a jira minti 30. Alimun da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka amma basa gama da ƙwayoyin cuta, kar a tsaya a nan. Na san gawayi da gas sun yi tsada, ko na yara ƙanana kaɗai aka tafasa an rage.

19 Yuli

Akwai abubuwan da kayanmu basa iya gani, kuma tafasawa bata maganinsu. Ɗaya daga cikinmu danginsa na wajen Maraɗi, shi ya dage sai an gwada fuloraid saboda abun da ya faru a Tibirin Gobir. A can a 1985 aka fara ba gari ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa fes ba wari ba launi, ashe fuloraid ɗin ciki ya ninka ƙa'ida, aka shafe shekaru wajen goma sha biyar ana sha kafin a daina, yara ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe haƙora suka yi ja. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa ba wani ne ya zuba ba, abun da aka rasa shine gwaji da faɗa wa mutane. Namu na dam ne dan haka ba nan tsoron yake ba, tsoron yana wajen burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke ɗiba, domin gaskiya ranakun da babu famfo su muke sha, kuma ranakun sun fi yawa.

Mun gwada naitiret a burtsatse da rijiyoyin cikin gari da takardunmu. Na bayan gari lafiya. Na tsohon gari inda gidaje suka cushe, takarda ta yi duhu a wasu, kuma in ka duba zaka ga masai na nan kusa, alhali ana so a samu tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wa ke da wannan filin a cikin gari. Naitiret jarirai yake cutarwa musamman waɗanda ake dama wa madara da ruwan, kuma tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi tunda ruwa ne ke ƙonewa shi yana nan. Nas ta ɗauki nauyin gaya wa masu jego na wannan ɓangaren.

Dalma kuma sai ɗakin gwaji. Duk wanda ya ji dalma a nan Zamfara yake tunawa, 2010, yara sama da 400 suka rasu, amma wancan daga dakan duwatsun zinare ne. Ta famfo irin ta garin Flint ce a Amurka, inda aka sauya musu ruwa zuwa na kogi a Afrilun 2014 ba tare da sa maganin hana cin bututu ba, ruwan ya riƙa narkar da dalmar tsofaffin bututu. Mazauna garin ne da kansu suka riƙa ɗibar ruwa suna aika wa masanan jami'ar Virginia Tech a 2015 kafin hukuma ta amsa. Mun aika namu ɗakin gwajin wata jami'a. Na ƙwayoyin cuta sai a kwalbar da suka bamu da kansu, cikin kula da ƙanƙara, kuma ana so ya isa cikin awa shida, dan haka motar farko aka bi.

9 Agusta

Sakamako ya dawo. Dalma da fuloraid duk ƙasa da ƙa'ida, alhamdulillahi, har na burtsatsen da muka aika. E. coli babu a na gindin tanki, akwai a na ƙarshen layinmu, akwai a jarkar ga-ruwa duk da burtsatsen da aka ɗebo ta lafiya yake, wato jarkar ce, ka leƙa cikinta ka ga kore.

Da takardar muka je wajen mai unguwa. Na ce ranka ya daɗe ba ƙara muka kawo ba, rakiya muke so. Ya raka mu ofishin ruwa. Na zaci za a kore mu ne, amma injiniyan da muka samu ya karɓi takardar ya karanta, ya fito da littafinsu na aunawa a matata ya nuna mana, yace matsalarsu wuta da kuɗin magani da bututun da suka girme shi, kuma rabin masu jan ruwa basa biya. Na yarda da wasu ban yarda da wasu ba. Maganar a ƙara kulorin a matata yace in aka ƙara da yawa na kusa da tanki zasu ƙi sha saboda wari su koma rijiya, wanda ya fi muni, gyaran gaskiya shine a sa wajen ƙara magani a tsakiyar hanya, wannan kuma ba a hannunsa yake ba. Abun da ban yarda dashi ba shine a ce aunawa a matata ta wadatar. Ba a matata muke sha ba. Mun roƙi a riƙa aunawa a ƙarshen layi ana liƙa sakamakon inda kowa zai gani, yace zai kai maganar gaba. Ya dai yi alkawarin turo ma'aikata su duba babbar tsagar da ke bakin kwalbati.

30 Agusta

Sun zo sun ɗaure ta bakin kwalbati, a faɗi gaskiya. Mu kuma a layinmu an yi karo-karo an ɗaga ƙananan bututu daga cikin kwata an bi dasu jikin bango, mai gyaran famfo ya yi aikin a rabin kuɗi, gidaje kaɗan suka ƙi. Masu inji mutum biyu sun mayar da nasu tankin ƙasa, sauran sun ce sai sun ga kowa ya yi.

Da aka kawo ruwa shekaranjiya muka sake gwadawa. Ruwan farko har yanzu yana yin baƙi, dama ba layinmu kaɗai bututun ya ratsa ba. Amma bayan ya ɗan zuba, a karon farko ƙwayar DPD ta nuna ɗan ruwan hoda a famfon masallaci, siriri ne bai kai 0.2 ba, sai ka ɗaga robar a haske kake gani. Malam yace kar mu yi murna tukuna, yana iya zama ranar ce aka sa magani da yawa, sai ya maimaitu har cikin rani.

Abun da ya rage: ƙwayoyin DPD sun kusa ƙarewa, kwalaben ma haka, ma'aji zai zagayo. Shugaban 'yan ga-ruwa ya yarda a yi ranar wanke jarkoki da ruwan kulorin a bakin burtsatse, muna neman wanda zai bada aron duro biyu. Unguwannin bayan tasha kuma ba a taɓa bututunsu ba, Asabar mai zuwa can zamu bi da ƙafa in Baba ya samu sauƙin gwiwarsa, wanda ke zaune a can ya san inda ruwa ke tsatsa a hanya ya same mu a shago bayan la'asar.